Daga Hadarin Sahel Zuwa Gaɓar Bengal: Haɗuwar Guguwar Teku, Tafiyarta, da Mutanen da Take Ci

Tsakure

Wannan takarda ta dubi mahaukaciyar guguwar teku ta yankunan zafi: sharuɗɗan haɗuwarta, abin da ke jan akalarta, da ta'adin da take yi idan ta hau tudu. An bi sawun guguwar Tekun Atlantika tun daga hadarin damina da ke ratsa Sahel, sannan aka auna abin da ya auku a Bangladesh da Myanmar da Mozambik tsakanin 1970 da 2023. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ruwa ya fi iska kisa, kuma yawan waɗanda za a binne bayan guguwa ya fi rataya a kan tanadin da aka yi a tudu kafin isowarta fiye da ƙarfin da ta zo da shi.

1. Gabatarwa



Mahaukaciyar guguwar teku ba ta taɓa sauka a Kano ko Damagaram ba, kuma yadda Allah Ya shimfiɗa ƙasarmu nesa da teku, ba ta da hanyar isowa. Duk da haka muna da hannu a cikin labarinta. Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san hadarin damina daga gabas yake haɗowa, ya zuba ruwansa, ya wuce yamma. Manomi ba ya bin sa ya ga inda ya ƙare. Masana yanayi sun bi shi, suka tarar wani sashensa yana ƙetare Mali da Senegal, ya faɗa teku, bayan kwana goma ya bayyana a Florida ko a tsibiran Karibiyan a matsayin guguwa mai rusa gari.

Ya kamata a bambance ta da abubuwa biyu da muka saba da su. Akwai 'yar guguwar bazara da ke murɗa ƙura da ganye a fili ta mutu cikin mintoci, akwai kuma iskar farkon damina mai yaye kwanon rufi. Wadda ake magana a kanta a nan faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, tana rayuwa kwanaki ko makonni, kuma a kan ruwan teku mai ɗumi kaɗai take haɗuwa. A Atlantika ana ce mata harikan, a yammacin Fasifik taifun, a Tekun Indiya saiklon, amma halitta ɗaya ce. Tsakanin 80 zuwa 90 ne suke kai ƙarfin da za a raɗa musu suna a kowace shekara a duniya, wato iskarsu ta kai gudun kilomita 63 a awa. Kusan rabinsu ne ke zarce kilomita 119 a awa, inda ake ɗaukarsu cikakkiyar mahaukaciyar guguwa.

2. Yadda take haɗuwa

Abincin guguwa zafi ne, amma zafin da ke ɓoye a cikin tururi. Dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi shi ne, ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana zama tururi, tururin kuma yana tafiya da zafi. To zafin nan bai ɓace ba. Yana nan a cikin tururin, kuma duk inda tururin ya koma ruwa, a nan zai sauke shi. Zafin da ake buƙata a mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi ya ninka sau biyar wanda ake buƙata a kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Rana tana yin wannan aiki a kan teku wata da watanni. Iska mai danshi tana tashi sama, ta yi sanyi, tururin ya dunƙule ya zama gajimare da ruwan sama, zafin da ya saki ya ɗumama iskar da ke kewaye, ita kuma ta ƙara yin sama. Nauyin iskar da ke danne fuskar teku a wurin sai ya ragu, iskar gefe ta kwararo don cike gurbin, a kan hanyarta ta share fuskar teku ta kwaso sabon tururi. Gwargwadon gudun iskar, gwargwadon tururin da take kwasowa, kuma gwargwadon tururin, gwargwadon ƙarin gudunta. Kerry Emanuel na jami'ar MIT ya bayyana wannan a 1986 a matsayin injin zafi: yana ɗibar zafi a fuskar teku, yana zubar da saura a can sama, kimanin kilomita 15, inda sanyi ya kai maƙura.

Da a ce wannan kaɗai ake buƙata, da kullum tekunan yankin zafi suna cikin guguwa. Tun 1968 William Gray na jami'ar jihar Colorado ya tattara sharuɗɗan da sai sun cika tare. Ɗumin ruwan teku ya kai kimanin digiri 26.5 a ma'aunin Selshiyos, kuma ɗumin ya nutsa zuwa zurfin mita 50 ko kusa, domin guguwa tana dama teku, idan ɗumin na fatar sama ne kawai za ta tono ruwan sanyi ta kashe kanta. Iskar tsakiyar sararin sama ta kasance mai danshi. A sami wani hargitsin hadari da ya riga ya fara, wanda zai zama iri. Sannan iskar ƙasa da ta sama kada su saɓa da yawa a gudu ko a alƙibla, don idan suka saɓa sukan karkatar da ginin gajimaren, su raba kansa da gindinsa.

Sharaɗin da ya rage ya shafi juyawar duniya. Saboda duniya tana juyawa, iskar da ke tafiya mai nisa tana baudewa dama a arewacin layin Ikwaita, hagu a kudancinsa. Baudewar nan ce take hana iskar da ke kwararowa ta shiga tsakiya kai tsaye, sai ta riƙa kewaya shi, saɓanin hannun agogo a arewa, daidai da hannun agogo a kudu. A kan layin Ikwaita kansa baudewar babu ita, shi ya sa da wuya guguwa ta haɗu ƙasa da kilomita 500 daga layin. An sami wadda ta karya wannan ƙa'ida, Vamei, da ta haɗu kusa da Singapore a Disamban 2001, amma irinta ba ta da yawa. Wannan sharaɗi ne ya kare gaɓar Najeriya da Gana da Kamaru. Mashigin tekun Gini ya yi kusa da Ikwaita, ruwansa yana yin sanyi a tsakiyar damina, kuma hadarin da zai iya zama iri yamma yake nufa, yana juya wa mashigin baya.

Idan komai ya daidaita, sai ido ya buɗe a tsakiya, fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 65 inda iska take lafawa, wani lokaci har a ga taurari. Katangar gajimaren da ta kewaye idon ita ce wurin da iska da ruwa suka fi tsanani. Mutane da yawa sun halaka saboda sun ga lafawar ido sun ɗauka an gama, suka fito, ɗaya ɓangaren katangar ya riske su da iska daga wata fuskar. Matsin iska a bakin teku a ranar da babu komai kimanin miliba 1013 ne. A idon taifun Tip, ranar 12 ga Oktoban 1979, an auna 870, kuma har yau ba a auna ƙasa da haka ba. Ma'aunin Saffir-Simpson ya kasa guguwa mataki biyar bisa gudun iska: mataki na 3 yana farawa daga kilomita 178 a awa, na 5 daga 252. A lura, ƙarfin bugun iska a jikin bango yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninku biyu.

3. Irin da ke fitowa daga sararinmu

A damina, Sahara tana da tsananin zafi da bushewa, yankin gaɓar Gini kuma yana da sanyi-sanyi da danshi. Bambancin nan yana haifar da wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita uku zuwa huɗu, wadda a watan Agusta take bi ta saman Sahel. Iskar ba ta tafiya a miƙe. Tana lanƙwasa tana yin igiyoyi, kowace igiya tsawonta kilomita 2,000 zuwa 4,000, kuma duk kwana uku zuwa biyar sai wata ta wuce. Robert Burpee ne ya fayyace asalinsu a 1972. Hadarin da ke tashi a tsaunukan Habasha da Darfur yana cikin abin da ke tayar da su, kuma duwatsun Azbin da tudun Jos suna ƙara musu sabon hadari a kan hanya. Wanda ya lura cewa a tsakiyar damina ruwa yakan yi kwana biyu yana zuba, ya ɗan tsagaita, ya sake dawowa, to sau da yawa wucewar waɗannan igiyoyi yake gani.

Kimanin 60 ne suke fita teku ta gaɓar Senegal da Gini a kowace shekara. Galibinsu suna mutuwa a hanya. Amma waɗanda suka rayu su ne tushen kusan kashi 60 cikin ɗari na guguwar Atlantika masu suna, da kusan kashi 85 na manyansu, wato mataki na 3 zuwa sama. Andrew, wadda ta ragargaza kudancin Florida ranar 24 ga Agustan 1992, ta bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga watan a matsayin hadari da ba wanda zai waiwaya ya kalla. Irma ta fita a ƙarshen Agustan 2017, ranar 6 ga Satumba ta bi ta kan tsibirin Barbuda, har sai da aka kwashe mutanen tsibirin gaba ɗaya zuwa Antigua. Wani lokaci abin ba ya jira ya yi nisa: Fred ta ratsa tsibiran Cape Verde ranar 31 ga Agustan 2015, karo na farko da cikakkiyar guguwa ta yi haka tun 1892.

A 1990 Gray ya wallafa wani bincike a mujallar Science da ya kamata ɗalibanmu su sani. Ya nuna cewa a shekarun da Sahel ta yi damina mai albarka, daga 1947 zuwa 1969, manyan guguwa sun yawaita a gabashin Amurka, a shekarun fari kuma, daga 1970 zuwa 1987, suka yi ƙaranci ƙwarai. Wato lokacin da iyayenmu suke binne dabbobi a farin 1973 da na 1984, mutanen Florida suna cikin sauƙi, suna ta gine-gine a bakin teku. Daga baya an gane cewa ba ɗaya ne yake haifar da ɗayan kai tsaye ba, duka biyun suna amsa kiran ɗumin ruwan Atlantika ne, kuma alaƙar ta yi rauni a wasu shekarun. Amma sama ɗaya ce ta haɗa mu.

Afirka tana fitar da abin da ke kashe guguwa kuma. Busasshiyar iska mai ƙura da ke tasowa daga Mali da Muritaniya da kudancin Aljeriya tana shimfiɗuwa a saman Atlantika, tana shanye danshin da hadari ke buƙata, tana kawo saɓanin iska. Jason Dunion da Christopher Velden sun nuna haka da hotunan tauraron ɗan'adam a 2004.

4. Tafiyarta

Duk ƙarfin guguwa, ba ita take zaɓar hanyarta ba. Iskar da ke kewaye da ita ce take ɗauke da ita. A yankin zafi wannan iska yamma take nufa, don haka guguwa take tafiya yamma a hankali, kilomita 15 zuwa 25 a awa, alhali iskar cikinta tana iya ninka wannan sau goma. A Atlantika akwai wani babban yanki mai nauyin iska da ke zaune tsakanin Bermuda da tsibiran Azores. Guguwa tana bin gefensa na kudu. Idan ya miƙe har yamma, sai ya tura ta Karibiyan ko mashigin Meksiko. Idan ya ja baya, sai ta sami kafa ta juya arewa, iskar yamma ta kama ta, ta kai ta ruwan sanyi ta mutu ba tare da ta taɓa kowa ba. Ƙaramin sauyi a zaman wannan yanki shi ne bambancin garin da za a kwashe da garin da zai kwana lafiya.

Ana samun masu taurin kai. Freddy ta haɗu a arewa maso yammacin Ostireliya a farkon Fabrairun 2023, ta ƙetare Tekun Indiya gaba ɗaya, ta bugi Madagaska, ta shiga Mozambik, ta koma teku ta ƙara ƙarfi, ta sake shiga Mozambik ranar 11 ga Maris, sannan ta juye ruwanta a kudancin Malawi. Kwana 36 ta yi, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar ba a taɓa ganin wadda ta kai ta daɗewa ba. Akwai kuma masu tsayawa wuri ɗaya. Harvey ta yi kwanaki tana jan ƙafa a kan Texas a Agustan 2017, ta sauke fiye da milimita 1,500 a wani wurin, abin da ya zarce ruwan da Kano take samu a shekara guda.

Hasashen hanya ya inganta sosai. Tun da aka harba tauraron TIROS-1 a 1960, guguwa ta daina zuwa a ɓoye, kuma kuskuren hasashen hanya a cibiyar sa ido kan guguwa ta Miami ya ragu da fiye da rabi daga 1990 zuwa yau. Cibiyoyin Miami da Tokyo da New Delhi da tsibirin Reunion da wasunsu sun raba tekunan duniya a tsakaninsu. Hasashen ƙarfi ne har yanzu yake ba da wuya. Otis ta tashi daga guguwa mai sauƙi zuwa mataki na 5 cikin kimanin yini guda, ta afka wa Acapulco ta ƙasar Meksiko ranar 25 ga Oktoban 2023 kafin gargaɗin da ya dace ya gama zagaya gari. Irin wannan ƙara ƙarfi cikin gaggawa ne abin tsoro game da ɗumamar teku. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin nazarin sauyin yanayi na duniya, bai ce yawan guguwa zai ƙaru ba, ya ce kason masu tsanani a cikinsu ne yake ƙaruwa, kuma kowane ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin ɗari.

5. Idan ta hau tudu

Kyamarar 'yan jarida iska take so: bishiyar kwakwa a lanƙwashe, rufi yana shawagi. Amma da Edward Rappaport ya bi diddigin mutanen da guguwa ta kashe a Amurka daga 1963 zuwa 2012, ya tarar kusan tara cikin goma ruwa ne ya ci su. Kusan rabi toroƙon teku ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma ambaliyar ruwan sama.

Toroƙo yana faruwa ne idan iska ta yi sa'o'i tana tura ruwan teku zuwa gaɓa. Inda teku ke da zurfi, ruwan yana samun hanyar komawa ta ƙasa. Inda ba shi da zurfi, sai ya taru ya hau tudu. Kowace murabba'in mita mai zurfin mita ɗaya ta ruwa nauyinta tan guda ne, kuma yana zuwa da katako da jiragen ruwa da ɓaraguzan gidajen da ya riga ya rusa. A lokacin Katrina, a Agustan 2005, ya kai mita takwas a gaɓar Mississippi, ya kuma fasa katangun da ke kare New Orleans har kashi 80 na birnin ya nutse. A Tacloban ta ƙasar Filifin, ranar 8 ga Nuwamban 2013, toroƙon Haiyan ya shiga har cikin wasu gine-ginen da aka tara mutane don su tsira. Fiye da 6,000 suka mutu a ƙasar.

A nan ne nake ganin ma'aunin Saffir-Simpson yana yaudarar jama'a, domin iska kaɗai yake aunawa. Mitch ta riga ta faɗo mataki na 1 lokacin da ta shiga Honduras a Oktoban 1998, amma ta tsaya tana zuba ruwa a kan duwatsu, ta kashe fiye da mutum 11,000 a Amurka ta Tsakiya, kimanin 2,000 daga ciki a zaftarewar laka guda ɗaya a dutsen Casita na Nicaragua. Mutuwar kuma ba ta ƙarewa ranar da iska ta lafa. Bayan Maria ta bugi Puerto Rico a Satumban 2017, hukuma ta ce 64 ne suka mutu. Da jami'ar George Washington ta ƙirga waɗanda suka rasu a watannin baya saboda rashin lantarki da magani da ruwan sha, adadin ya koma 2,975.

6. Mashigin Bengal: teku ɗaya, sakamako daban

Babu inda guguwa ta ci mutane kamar mashigin Bengal. Ƙaramin kaso ne na guguwar duniya yake haɗuwa a can, amma mashigin yana tsukewa ta arewa, ba shi da zurfi, kuma a bakinsa miliyoyin manoman shinkafa da masunta suke zaune a ƙasar da ba ta fi teku tsayi da mita biyu ko uku ba.

A daren 12 ga Nuwamban 1970 guguwar Bhola ta shiga Gabashin Pakistan. Mataki na 3 ce, ba ta cikin mafiya ƙarfi a tarihi, amma aƙalla mutum 300,000 suka mutu, galibi suna barci a tsibiran bakin kogi. Jan ƙafar da gwamnatin Janar Yahya Khan ta yi wajen kai agaji ya ƙara wa wuta mai. A zaɓen Disamba na shekarar, jam'iyyar Awami ta Sheikh Mujibur Rahman ta lashe kujeru 160 cikin 162 na yankin, kuma bayan yaƙin 1971 aka sami ƙasar Bangladesh.

Sabuwar ƙasar ba ta da kuɗi, amma a 1972 aka kafa shirin tanadin guguwa tare da ƙungiyar Red Cross, gwamnati ta rungume shi a 1973. Ginshiƙinsa 'yan sa-kai ne na cikin ƙauye, masu keke da lasifikar hannu da tutocin alama. Bai wadatar nan take ba. A ƙarshen Afrilun 1991 wata guguwa ta shiga ta Chittagong ta kashe kimanin 138,000. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka zauna aka tambayi waɗanda suka tsira me ya hana mutane gudu. Wasu sun ji gargaɗi amma mafaka ta yi nisa. Wasu sun sha jin gargaɗin da bai zama komai ba. Wasu sun ƙi barin shanunsu, domin wanda ya tsira da ransa ya rasa saniyarsa ya san yunwa ce take jiransa. Mata sun mutu fiye da maza nesa ba kusa ba, saboda da yawa ba su iya iyo ba, suna riƙe da yara, wasu kuma suna jiran mai gida ya dawo kafin su fita, ko suna jin nauyin cuɗanya da maza baƙi a ɗaki ɗaya.

Kowace amsa aka mayar da ita aiki. Aka gina dubban mafaka a kan ginshiƙan kankare, waɗanda a sauran ranaku makarantun firamare ne, don haka kowane yaro ya san hanya. Aka tayar da tuddan ƙasa don dabbobi. Aka ware wa mata wuri da makewayi. Aka shigar da mata aikin sa-kai, har ta kai 'yan sa-kan sun haura 70,000, kusan rabinsu mata, masu iya shiga cikin gida su fito da matan aure. Lasifikar masallaci ta zama hanyar sanarwa. Da Sidr ta zo ranar 15 ga Nuwamban 2007 da ƙarfin mataki na 4, kimanin 3,400 suka mutu. Da Amphan ta zo a Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, an kwashe fiye da mutum miliyan biyu, waɗanda suka mutu a Bangladesh ba su kai 30 ba. Adalci ne a ce babu guguwa biyu da suke daidai: Sidr ta fara ratsa dajin Sundarbans wanda ya rage mata kaifi, Amphan kuma ta fi bugun ɓangaren Indiya. Amma sa'a kaɗai ba ta isa ta sauko da adadi daga dubu ɗari uku zuwa gommai ba. Jihar Odisha ta Indiya ta bi wannan sawu: kimanin 10,000 suka mutu a 1999, ƙasa da 50 a lokacin Phailin a 2013 bayan an kwashe kusan miliyan ɗaya.

Wata shida bayan Sidr, a wannan mashigi dai, Nargis ta shiga bakin kogin Irrawaddy na Myanmar ranar 2 ga Mayun 2008. Hukumar yanayi ta Indiya ta aika da gargaɗi tun kwana biyu kafin nan. Babu mafaka, babu 'yan sa-kai, babu shirin kwashe kowa. Kimanin 138,000 suka mutu ko suka ɓace. Gwamnatin soja ta yi makonni tana hana ma'aikatan agaji na waje shiga, ta kuma ci gaba da ƙuri'ar raba-gardama kan tsarin mulki ranar 10 ga watan a yawancin ƙasar, gawawwaki suna yawo a kan ruwa. Ban ga yadda za a kira wannan bala'in yanayi kawai ba.

7. Gaɓar Afirka da giɓin awo

Idai ta shiga kusa da Beira ta Mozambik a daren 14 ga Maris 2019. Cibiyar Reunion ta hango ta kwanaki kafin haka, kuma hasashen ya yi daidai. Mutanen Beira sun ji labarin iska, sun ɗaure rufi. Abin da bai isa kunnen mutanen karkara yadda za su yi aiki da shi ba shi ne ruwa: kogunan Buzi da Pungwe suka ɓalle, mutane suka kwana a kan bishiyoyi da rufin gidaje, a Chimanimani ta Zimbabuwe duwatsu suka gangaro kan gidaje cikin dare. Fiye da 1,000 suka mutu a ƙasashe uku, kwalara ta biyo baya da dubban masu kamuwa. Bayan mako shida Kenneth ta bugi arewacin Mozambik. A lokacin Freddy, Mozambik ta kwashe mutane da wuri, asarar rayuka ta yi sauƙi idan aka kwatanta da Idai, amma a Malawi, inda laka ta zaftaro kan unguwannin talakawa a gindin duwatsun Blantyre, fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace.

A 2022 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya ƙaddamar da shirin da ke son kowane ɗan'adam ya kasance ƙarƙashin gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027. Gargaɗi kuwa daga awo yake farawa, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awon yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Tauraron ɗan'adam yana ganin saman gajimare, amma sanin zafi da danshi da gudun iska a kowane tsayi yana buƙatar balan-balan mai ɗauke da na'ura da ake saki sau biyu a yini. A 1974 ƙasashe da dama suka yi sansani a Dakar don gwajin nazarin yanayi na GATE. A 2006 shirin nazarin damina na AMMA ya farfaɗo da tashoshin balan-balan a Afirka ta Yamma, Yamai tana cikin manyan cibiyoyinsa, kuma bayanan da aka samu sun gyara yadda kwamfutocin hasashe suke ganin iskar saman Sahel. Da kuɗin shirin ya ƙare, da yawa daga tashoshin suka koma aiki jefi-jefi.

Cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET suna Yamai, hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana Abuja, jami'o'inmu suna da sassan nazarin ƙasa da yanayi. Balan-balan ɗin da za a saki a Kano ko Agadas ko Injamena zai gaya wa Miami ƙarfin igiyar da ke tafe, kuma shi ne zai gaya wa hukumomin Hadeja da Maiduguri da Yamai ko ruwan kwana uku masu zuwa zai fi ƙarfin kogi. Tun da ƙasashen da ke ɗaya gefen Atlantika suna cin moriyar wannan awo, akwai hujjar da wakilanmu za su riƙe su nemi a ɗauki nauyin tashoshin na dindindin ta asusun SOFF da aka kafa a 2021 don wannan aiki, tare da sharaɗin cewa bayanan za su zauna a hannun masananmu, ɗalibanmu su yi digiri a kansu.